Alli a cikin takarda: yadda bugun hoton shuɗi ya koɗe a wani shago a Maraɗi

A farkon watan Disamba, hunturu ya kankama, wani shagon ɗaukar hoto da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya karɓi aikin hotuna talatin na masu sana'ar hannu: majema, dukawa, maƙera da masaƙa. Mai aikin ba hoton inji yake so ba. Irin shuɗin nan yake so wanda ake shafa magani a takarda da hannu, a shanya a rana, a wanke da ruwa, wato siyanotip. Ya ga samfur uku da shagon ya buga tun cikin watan Agusta, shuɗinsu ya kama kamar zanen da ya kwana a marina, shi ya sa bai yi wata gardama ba. Girman kowane hoto A4, wa'adi mako uku.

Hotuna takwas na bugun farko babu ko ɗaya da ya yi. Da aka tsoma su a baho sai ruwan ya rine, ana kallo hoton na bin ruwa. Abin da ya saura a takarda shuɗi ne mai toka-toka, kamar tsohuwar shadda da ta sha wanki. Wuraren da ya kamata su fito fari tas, irin farar hular maƙeri da hasken da ke goshinsa, sun yi rawaya mai kama da tsatsa. Ga ɗige-ɗige da dabbare-dabbare a inda launi ya kamata ya tafi bai ɗaya. Akwai kuma wata alama da ba a kula da ita ba sai daga baya, alhali ita ce ta fi tona asiri: takardun da aka shafa wa magani da dare, kafin gari ya waye sun tashi daga rawayar lemun tsami sun koma tsanwa-tsanwa, tun ba su ga rana ba.

Maganin, da abin da ba ya so

Siyanotip tsohuwar hanya ce, wani masani ɗan Ingila, John Herschel, ya fito da ita a 1842. Magunguna biyu ne kacal. Na farko sitirat na ƙarfe da amoniyam, gari ne tsanwa, a shagon ana ce masa koren magani. Na biyu ferisiyanid na fotasiyam, ƙwayoyi ne jajaye kamar gishiri, shi ne jan magani. Awon da shagon ke bi shi ne wanda aka fi sani: giram 25 na kore a narka a ƙara ruwa ya kai mililita 100, giram 10 na ja shi ma a mililita 100, kowanne a kwalbarsa mai duhu. Sai za a shafa ake haɗa su, awo ɗaya da ɗaya. Hasken rana, musamman ɓangarensa na UV da ido ba ya gani, yana sauya ƙarfen da ke cikin kore, shi kuma ya haɗu da ja su haifi launin da ake kira shuɗin Furusiya. Launin ba ya narkewa a ruwa, don haka wanki yakan tafi da maganin da rana ba ta taɓa ba, ya bar hoto.

Shuɗin Furusiya bai damu da ɗan tsami ba, yana ma son sa. Abin da ke kashe shi shi ne duk abin da ke da ɗabi'ar kanwa. Kanwar kanta, toka, sabulu, siminti, farar ƙasa, ko wanne ya taɓa shi sai ya wargaza shi, ya bar tsatsar ƙarfe mai rawaya. Haka ma maganin tun yana ɗanye a takarda: in ya gamu da irin waɗannan, ƙarfen cikinsa yakan zauna ya zama tsatsa, ya ƙi wankuwa.

Da an tuna da wannan tun ranar farko, rawayar da ke hular maƙerin ta isa shaida. Amma zargin farko kan magani ya faɗa. An duba kwalbar kore aka ga fumfuna ta yi yaɗo a samanta. Wannan ba sabon abu ba ne ga koren magani in ya daɗe a narke, musamman wanda ya ratsa damina, kuma tacewa da auduga a mazurari ta wadatar. An tace, ba a ga canji ba, aka zubar aka dama sabo, nan ma shiru. Zargi na biyu ya koma kan hazo, aka ce ya rage ƙarfin rana, aka tsawaita shanya daga minti 10 zuwa 25. Hoton ya ƙara duhu kafin wanki, bayan wanki sai ya koma gidan jiya. Kwana huɗu da takarda goma sha huɗu suka tafi a haka.

Sai a rana ta biyar aka zauna aka lissafa abin da ya bambanta Agusta da Disamba. Abu uku ne. A Agusta da ruwan sama aka yi wanki, wanda aka tara a duro. Yanzu ruwan famfo ne. A Agusta iska cike take da laima. Yanzu leɓe ma tsagewa yake. Sannan takarda. Samfurin Agusta an buga shi ne a kan ragowar wani tsohon kundin takardar zane da bangonsa ya ɓace, ba wanda ya san sunanta. Don wannan aikin kuwa maigidan shagon ya yi abin da kowa zai ga shi ne daidai: ya aika Yamai aka sayo masa takardar zanen ruwa mai tsada, ta auduga, giram 300 a kowace murabba'in mita, an rubuta "sans acide", wato marar tsami, ɓaro-ɓaro a bangonta.

Gwajin ƙyalle-ƙyalle

Aka daina ɓarnar cikakkiyar takarda. Aka yanka ƴan ƙyallaye masu santimita 5 da 15 daga takarda iri shida, aka rubuta lamba a bayan kowanne da fensir, domin tawadar biro takan bi ruwa. Akwai ragowar ta Agusta, da sabuwar ta Yamai, da farar takardar ofis mai giram 80, da kwalin da ake buga katin biki, da takardar buhun siminti irin ta masu tsire, da takardar zane ta ƴan lakwal mai giram 180.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya bukatar rana sam. A shafa magani a ƙyalle, a sa shi cikin akwati mai duhu, a bar shi kwana ɗaya. Takardar da ta dace za ta fito da rawayarta yadda aka sa ta, kuma in aka wanke ta minti biyar za ta koma fara fat. Wadda ta sauya launi a duhu, akwai abin da ke cikinta da ke taɓa maganin. Ta Agusta ta fito rawaya, ta wanku tas. Ta Yamai ta yi tsanwa, bayan wanki ta bar inuwar rawaya wadda ko an ƙara wanki ba ta fita. Ta ofis ta fi ta muni. Ta siminti ba ta ma kai dare ba ta koma shuɗi-shuɗi, ga ƙurar siminti ga dattin itacen da aka yi ta da shi. Ta ƴan lakwal ta sauya kaɗan, ta kuma wanku kusan duka, abin da ya ba kowa mamaki ganin ita ce mai araha.

Na biyu shi ne ɗigon ruwan khal, wato binega. A karce fuskar takarda kaɗan da reza don zarenta ya buɗe, a ɗiga ɗigo ɗaya, a duba da madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya. In akwai alli a ciki za a ga ƙananan kumfa suna tasowa daga tsakanin zaren. A ta ofis ba a ma bukaci madubi ba. A ta Yamai kumfar ta ɗauki kamar rabin minti kafin ta fara, sannan ta yi ta fitowa a hankali, ƙanana kamar ƙwan kifi. Ta Agusta ko ɗaya. Rashin ganin kumfa dai ba ya wanke takarda ɗari bisa ɗari, domin in allin kaɗan ne ido kan iya kuskure shi. Shi ya sa gwajin duhu ne alƙali, wannan mai shaida ne kawai.

Sauran gwaje-gwajen na minti kaɗan ne. Jiƙo na minti ashirin a ruwa ya fitar da ta ofis, wadda ta yage da an ɗaga ta, da kwalin kati, wanda ya rabu falle-falle. Dama magani bai zauna a fuskarsa mai sheƙi ba, taruwa ya yi ɗigo-ɗigo kamar ruwa a ganyen gwaza. Fitilar duba jabun kuɗi ta nuna ta ofis da kwalin suna ƙyalli shuɗi, alamar an sa musu sinadarin ƙara fari, wanda ke dusashewa da shekaru ya bar takarda ta yi ja. Ta Yamai ba ta yi ƙyallin ba, ta kuma jure jiƙo ba ko gezau. Ma'ana, takarda ce mai kyau ta kowace fuska sai ɗaya.

Abin da "sans acide" ke nufi

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Yawancin takardun ƙarni na 19 da kaso mai yawa na ƙarni na 20 an yi su ne da danƙon itace da alif, don haka suna da tsami, kuma tsamin ne ke sa tsofaffin littattafai su yi ja su dinga karyewa. Daga baya masana'antu suka koma yin takarda marar tsami, suna zuba mata alli, wato kabonat na kalsiyam, domin ya tare duk tsamin da zai shige ta nan gaba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta takarda mai daɗewa, ISO 9706 ta 1994, ta shar'anta aƙalla kwatankwacin kashi 2 cikin ɗari na alli, da ma'aunin tsami na pH tsakanin 7.5 da 10 (7 ne tsaka-tsaki, abin da ya haura shi ɓangaren kanwa ne). Ga mai zanen ruwa ko mai ajiyar littattafai wannan alheri ne. Ga mai siyanotip, an sayar masa da takarda da maƙiyin maganinsa a ciki. Wannan ne ma ya sa tsofaffin bayanan wannan sana'a ba su cika jan kunne a kan alli ba, kuma da alama shi ya sa tsohuwar takardar Agusta ta yi kyau.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya kamata duk mai wannan aiki ya yi shi sau ɗaya da hannunsa. Faɗin A4 kashi ɗaya ne cikin goma sha shida na murabba'in mita. Takarda mai giram 300 ke nan kowane falle yana da nauyin giram 18.75. Kashi 2 cikin ɗari na wannan shi ne giram 0.375 na alli, kuma wannan mafi ƙaranci ne, wasu takardun sun ninka haka. Maganin da ake shafa wa fallen kuwa kamar mililita 2 ne: mililita ɗaya na kore mai ɗauke da giram 0.25, ɗaya na ja mai giram 0.10, jimla giram 0.35. Allin da ke cikin fallen ya fi dukan maganin da aka shafa masa nauyi. Gaskiya ne ba duka allin ke haɗuwa da magani ba, tunda shi a warwatse yake cikin kaurin takardar, magani kuwa a sama-sama yake zama. Amma a lokacin wanki ruwa na ratsa takardar gaba ɗaya, bayan ta bushe kuma hoton zai zauna a kan wannan allin har ƙarshen rayuwarsa.

Yaron shagon ya yi ta musu cewa takarda mai wannan tsada ba za ta ci hoto ba. Maigida ya ce, "Kai, je wajen Hajiya mai ɗanwake ka ce ta sam mana ruwan kanwa a murfin kwalba." Aka ɗauki ɗaya daga cikin samfurin gwaji na Agusta, aka ɗiga masa a kusurwa. Kafin a ƙirga ashirin wurin ya bi ta shunayya ya koma rawaya, daidai launin da ke hular maƙerin. Yaron ya ce, "To maigida, ashe kanwar ce a ciki." Ba kanwa ba ce, alli ne, kuma alli bai kai ta zafi ba, amma hanyar ɓarnar ɗaya ce, abin da kanwa ta yi a daƙiƙa ashirin shi alli ke yi a sannu.

Ruwan famfo shi ma ya ba da tasa gudummawar. Takardar awon pH ta nuna shi kusa da 8, kuma da aka wanke ƙyallen Agusta a cikinsa minti ashirin shuɗin ya ɗan sauka, ko da yake bai kai na ta Yamai ba. Ruwan sama babu shi a Disamba. Abin da aka yi shi ne zuba cokalin cin abinci ɗaya na ruwan khal, kimanin mililita 15, a kowace lita ta bahon farko, a kuma taƙaita wankin duka kada ya wuce minti goma. Kar a zarce da tsamin: in ya yi yawa shuɗi kan malala ya ɓata fararen wurare. Na dama magani kuwa dole ya zama tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A tabbata ruwan ne, ba asid ɗin batir ba, domin sau da yawa a shago ɗaya ake sayar da su. Asid ɗin batir yana cin takarda, in kuma ya haɗu da jan magani yana fitar da iska mai guba.

Zaɓi tsakanin sayen wata da gyara wadda ke hannu

Akwai takardun da aka yi musamman don irin wannan bugu, na auduga zalla, ba alli: Arches Platine, Hahnemühle Platinum Rag, Bergger COT 320. Wanda zai iya samun su ya huta da duk abin da ke biye. Shagon bai same su a Maraɗi ba, wanda aka tambaya a Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya shi ma bai samo ba, kuma sauran kwana goma sha biyar ba za su isa a yi odar su daga Turai ba. Ta Agusta falle huɗu suka rage. Ta ƴan lakwal ta isa gwajin lokacin shanya, amma shuɗinta bai kai zurfin samfurin da mai aiki ya gani ba, tana kuma lanƙwashewa bayan wanki. Saura hanya ɗaya: a cire allin daga ta Yamai.

Ƙoƙarin farko ya ɓata falle biyar. An zuba ruwan khal tsantsa, an ƙara ruwan tankin da ya wuni a rana har ya yi ɗumi, an bar takardun awa guda, ana shafa su da tafin hannu wai don kumfar ta fita. Allin ya fita kam, amma ya tafi da danƙon takardar. Takardar zanen ruwa ana shafe ta da wani danƙo, sau da yawa jelatin, wanda ke hana ta shan ruwa kamar tsumma, kuma jelatin na saki a ruwan ɗumi. Da suka bushe fuskarsu ta yi gashi-gashi, magani ya nutse can ciki har ya ɓullo ta baya, hoton ya fito dishi-dishi kamar ana hangen sa ta labule. Rawayar dai ta tafi, wannan ya nuna an kama bakin zaren.

Tsarin da ya yi aiki ga shi. Ruwan khal na kanti galibi kashi 5 zuwa 8 ne cikin ɗari, a duba jikin kwalba. Na shagon mai 8 ne. Awo ɗaya nasa, awo uku na ruwan randa mai sanyi, ya ba da kashi 2 cikin ɗari. Lita biyu a bahon roba mai faɗi, ba na ƙarfe ba. A zura falle ɗaya-ɗaya ta gefe don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi, kada su wuce huɗu a lokaci guda, a juya su kowane minti biyar ta hanyar kama kusurwa, ba a taɓa fuskar. Wajen minti ashirin kumfa kan daina fitowa. A ƙara minti biyar a kai. Sai ɗauraya sau uku, minti biyar-biyar, ana sauya ruwa. A rataye a igiya a cikin ɗaki, su kwana, da safe a danne su tsakanin alluna biyu masu tsabta da wani abu mai nauyi.

A lissafi, allin falle ɗaya na bukatar kamar giram 0.45 na tsamin khal, lita biyun nan kuwa na ɗauke da giram 40, wato ya isa falle tamanin da ɗoriya. A aikace ba haka ba ne, domin tsamin khal rarrauna ne, yana raguwa aikinsa na yin nawa, kuma ba a san ainihin yawan allin ba. Shagon na sauya baho bayan falle goma sha biyu. Daga kowane rukuni ana yanke ɗan ƙyalle a gefe a maimaita gwajin duhu kafin a shafa wa sauran. An zaɓi khal ne don gishirin da yake haifarwa da alli yana narkewa a ruwa ya fita. Na asid sitirik ba ya narkewa sosai, sai an daɗe ana ɗauraya; na asid oksalik kuwa a cikin takardar yake zama. Masu wannan sana'a a wasu ƙasashe kan yi amfani da asid sulfamik kashi 10 cikin ɗari, wanda ya fi sauri, ga wanda ya samu.

Ko da ruwan sanyi, danƙon kan ɗan ragu. Ana gane haka da ɗigon ruwa: in ya tsaya kamar ƙwallo fiye da minti ɗaya, danƙon na nan, in ya bazu nan take ya bar tabo, sai an mayar. An mayar da shi da sitacin rogo, giram 2 a mililita 100 na ruwa, a dama da ruwan sanyi, a dafa ana juyawa har ya yi garau, a bar shi ya huce, a kwashe fatar da ta taru a sama, a shafa siriri da soso, a bushe. Sitacin ya zama tsantsa daga masu rogo, ba wanda masu wanki da guga suka riga suka haɗa da bula ko turare ba. Sitaci na ba da fuska marar sheƙi, ya kuma kawar da tambayar da wasu masu saye kan yi game da dabbar da aka samo jelatin daga gare ta.

Wani ƙaramin abu da ya ƙara kyau: takardar mai ɗan kaushi ce, wadda ake rubuta wa "grain fin". Ga hoton fuska, mai santsi, "grain satiné", ta fi, domin nagatif, wato ledar hoton da ake ɗorawa a kan takardar lokacin shanya, na kwanciya a kanta sosai, gashin gemu da zaren saƙa su fito. Tunda ba ita aka saya ba, aka gwada fuska biyun aka ga bayan ya fi santsi, aka koma bugawa a baya.

Hunturu

Bayan an gama da alli da ruwa, dabbare-dabbaren bai tafi duka ba, kuma har yanzu wani shuɗin na bin ruwan wanki. Wannan aikin iska ne. A busasshiyar iskar Disamba zaren takarda a ƙanƙame yake, magani na bushewa a sama kafin ya shiga, har wani lokaci a ga ƴan ƙwayoyi suna walƙiya in an karkata takardar. Shuɗin da ya samu a saman zare ba shi da abin riƙewa. Maganin wannan ba sai an saya ba: babbar roba mai murfi, jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, raga a sama yadda takarda ba za ta taɓa ruwa ba, a rufe minti talatin. Takardar za ta fito da sanyi a hannu, ta yi laushi, ba jiƙa ba. A shafa nan take, da asuba ya fi, a ƙarƙashin ƙaramin ƙwan lantarki, taga a rufe. Mililita 2 in da sandar gilashi ake ja, kusan 3 in da buroshi ne tunda shi ma yana sha, a auna da sirinji. Buroshin ya zama marar ƙarfe a wuya, a ɗan jiƙa shi a matse kafin a fara. Kada a sa fanka, kada a sa na'urar busar da gashi. A bar ta a kwance minti biyar, sannan awa ɗaya a akwati mai duhu, wanda kuma ke tare ƙurar da ke haddasa ɗige-ɗige. Wasu kan ɗiga sabulun ruwa a magani don ya shiga takarda. Ba shawara ba ce, yawancin sabulu ɗan gidan su kanwa ne.

Lokacin shanya an samo shi da ƙyallen gwaji kowace safiya, ana rufe shi da kwali ana janyewa kaɗan-kaɗan kowane minti biyu. Tsakanin ƙarfe 11 da 2, ranar da sama ta yi garau minti 12 ya isa, ranar hazo har 18. Alamar ya nuna ita ce wuraren duhu su wuce shuɗi su koma toka mai ɗan ƙyalli. Shuɗin ƙarshe ba ya bayyana sai hoton ya sha iska kwana ɗaya; mai gaggawa kan zuba ɗan ruwan oksijene na famasi, mai kashi 3 cikin ɗari, kamar cokali ɗaya a lita, ya ga launin nan take. Ba ya ƙara duhu a kan abin da iska za ta yi, lokaci kawai yake ragewa.

Falle talatin da bakwai aka shafa aka sami talatin na bayarwa, kwana biyu kafin wa'adi. Kwalin da za a ɗora su a kai shi ma an yi masa ɗigon khal, ya yi kumfa, don haka aka raba shi da hoton da falle na takardar da aka cire wa alli. An kuma gaya wa mai aikin kada a jingina su kai tsaye da bangon siminti ko na farar ƙasa, kuma in suka ɗan koɗe saboda daɗewa a haske, a sa su a duhu inda iska ke shiga na wasu kwanaki, yawancin shuɗin zai dawo. Wanda alli ko kanwa suka ci ne ba ya dawowa da kansa.

Daga baya mai aikin ya dawo yana son hotunan majema guda biyu su zama ruwan ƙasa, launin fatar jar akuyar Maraɗi da suke jima. A nan kanwa ta sami aikin yi. Ana tsoma busasshen hoto a ruwan kanwa mai rauni ƙwarai har shuɗin ya fara komawa rawaya, a ɗauraye sosai, sannan a sa shi a jiƙon bagaruwa da aka tace, irin wadda majeman kansu ke amfani da ita. Sinadarin jima da ke cikin bagaruwa na kama ƙarfen da ya rage ya mayar da hoton ruwan ƙasa mai duhu. Sai dai yadda yake kama fata haka yake kama jelatin, don haka fallen da danƙonsa na asali ya rage da yawa ya rine gaba ɗaya, har fararen wurare suka koma kalar shayi. Fallayen nan biyar na ƙoƙarin farko, waɗanda ruwan ɗumi ya wanke wa jelatin, biyu daga cikinsu ba a shafa musu magani ba, suna ajiye. Aka yi musu sitaci sau biyu, aka buga su da ƙarin minti huɗu na rana tunda kanwa na rage hoto, aka ba su minti goma a bagaruwa. Su ne aka kai wa mai aikin.